RA'AYINMU: Idan Likita Ya Ce Ciwon Baba Ya Kai Ƙashi

A cikin aikinmu na ziyarar marasa lafiya akwai wata tsayuwa da muka sha gani har muna gane ta tun daga nesa. 'Ya'ya ne uku ko huɗu, manya, kowa da iyalinsa, suna tsaye a barandar asibiti suna magana ƙasa-ƙasa, takardar gwaji tana hannun babbansu, mahaifinsu kuwa yana can kan benci rungume da sandarsa yana kallonsu. Likita ya riga ya gaya musu cewa ciwon daji ne na furostet, kuma ya bar inda ya fara ya shiga ƙashi. Shawarar da suke yi ita ce ta abin da za su faɗa wa tsohon. Yawanci kafin su ƙaraso wurinsa sun gama shiri: "Baba, likita ya ce sanyi ne da tsufa, za a ba ka magani." Shi kuma sai ya gyaɗa kai ya ce to, alhali kuwa shi ya yi renon waɗannan fuskoki, ya san yadda suke idan suna ɓoye abu.

Muna so mu yi magana da waɗannan 'ya'ya, da matan dattawan nan, da kuma ikilisiyoyinmu, domin abin ya wuce na gida ɗaya ko biyu. Ƙididdigar da hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a kan shekarar 2022 ta nuna cewa an sami sababbin masu wannan ciwo kimanin 18,000 a Nijeriya a cikin shekarar kaɗai, kuma shi ne ciwon dajin da ya fi kama maza a ƙasar nan. Yawancin dattawanmu ba sa isa gaban likita sai tafiya ta yi nisa.

Da farko dai ya kamata mu san abin da ake magana a kai, gama mutane da yawa suna cewa "kansar mafitsara", alhali ba a mafitsara take ba. Furostet wani ɗan ƙullutu ne da Allah ya halitta wa kowane namiji, girmansa kamar na goro, yana zaune a ƙarƙashin mafitsara, ya kewaye bututun da fitsari ke bi ya fita. Aikinsa shi ne samar da wani sashe na ruwan maniyyi. Idan namiji ya manyanta ƙullutun yakan ƙara girma ya matse bututun, sai fitsari ya riƙa fita da ƙyar, ko a riƙa tashi sau huɗu sau biyar da dare. Wannan kumburin tsufa ne, kuma ga yawancin mutane ba daji ba ne. Shi dajin kuwa mugun halinsa shi ne yakan daɗe bai nuna wata alama ba. Sa'ad da ya bazu, ya fi son ƙashi: gadon baya, da ƙugu, da haƙarƙari, da cinya. Shi ya sa labarin kusan iri ɗaya ne a kowane gida. Tsoho ya yi shekara yana kukan ciwon baya, aka ce noma ne, aka ce basir ne, aka ce sanyi ne, aka yi ta sayen ƙwayoyi a kemis, har ranar da fitsari ya ƙi fita sam aka ɗauke shi cikin dare. A asibiti sai a auna jini a duba wani abu da ake kira PSA, likita ya taɓa ƙullutun da yatsa ta dubura, a gutsuro ɗan nama a kai ɗakin gwaji, a ɗauki hoton ƙashi. A jinin mai lafiya lambar PSA ba ta cika wuce 4 ba, amma ga wanda ciwon ya bazu takan kai ɗaruruwa, har dubbai.

Ga abin da muke so kowane ɗa ya ji da kyau kafin ya fara kuka. Ciwon da ya kai ƙashi likitoci ba sa alkawarin raba mutum da shi ƙwata-ƙwata, wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya yi muku wannan alkawari ku riƙe aljihunku. Amma rashin warkewa daban, mutuwa gobe daban. Wannan ciwo yana rayuwa ne da sinadarin mazantaka wanda 'ya'yan maraina ke samarwa, kamar yadda fitila ke rayuwa da kananzir. Wani likita mai suna Charles Huggins a birnin Shikago na Amurka shi ya nuna a shekarar 1941 cewa idan aka yanke wa ciwon wannan abinci sai ya lafa, ko da ya riga ya bazu, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1966 saboda wannan aiki. Har yau a kan wannan tushe ake tsaye. Mun ga dattijon da aka kawo a kwance cikin mota, bayan 'yan makonni da fara magani ya koma yana zuwa sujada da ƙafarsa. Ga wasu lafawar takan yi shekara ɗaya ko biyu, ga wasu shekaru masu yawa. Idan ciwon ya koyi rayuwa ba tare da sinadarin ba, akwai wasu magunguna na gaba, irin su abirateron da kuma kemoterafi na dosetaksel, kuma a yau likitoci kan haɗa ɗaya daga cikinsu tun farko idan jikin majinyaci da aljihun gida za su ɗauka. Tsohon shugaban Faransa, Francois Mitterrand, an gano ciwon a jikinsa a ƙarshen 1981 bayan ya riga ya kai ƙashi, ya yi mulki har 1995, bai rasu ba sai Janairun 1996. Ba kowa ne zai samu irin kulawar shugaban ƙasa ba, mun sani, amma dai a daina haƙa kabari a barandar asibiti.

Hanya biyu ce ake bi a yanke wa ciwon abincinsa, kuma a nan ne gidaje da yawa ke yin tuntuɓe. Ta farko allura ce, irin su Zoladex, da ake yi duk wata ko duk wata uku, ba fashi, muddin rai. Daga waje ake shigo da ita, saboda haka duk lokacin da Naira ta faɗi kuɗinta sai ya tashi. Ta biyu ƙaramar tiyata ce da ake cire 'ya'yan maraina, sau ɗaya, a gama. Wajen danne ciwon aikinsu ɗaya ne. To da zarar likita ya ambaci tiyatar sai ɗaki ya yi tsit, wani daga cikin 'ya'yan ya miƙe ya ce ba za a yi wa ubansa fiɗiya kamar bunsuru ba muddin yana da rai. Mun fahimci zafin zuciyar, kuma ba mu raina shi ba. Amma mun ga inda yake kaiwa. A zaɓi allura don gudun kunya, a yi ta farko da ta biyu da kuɗin da aka harhaɗa, ta uku a makara wata biyu, ta huɗu a ce sai an sayar da masara, ciwon kuma ba ya jiran kasuwa. Gidan da ya san zai iya sayen allura shekara da shekaru ba tare da tsallake ba, to madalla. Gidan da ya san ba zai iya ba, ya kamata ya faɗa wa likita gaskiya tun ranar farko, domin likita ba ya ganin cikin aljihu. Kuma a sani cewa abin da ake gudu a tiyatar, watau raguwar sha'awa da ƙarfin namiji, allurar ma tana kawo shi, tare da zafi da gumi da kan taso wa mutum farat ɗaya, da kasala, da raunin ƙashi a hankali. A nan muna gargaɗi da babbar murya: kada wani aboki ya kawo wa Baba maganin ƙarfin maza don tausayi. Wanda ke ɗauke da sinadarin mazantaka a cikinsa zuba wa wuta fetur ne.

Amma wa ya kamata ya zaɓa tsakanin allura da tiyata? Jikin wa za a taɓa? Wannan ya komo da mu ga 'ya'yan nan na baranda. A ra'ayinmu, dattijon da hankalinsa ke jikinsa yana da hakkin ya san abin da ke damunsa, kuma ɓoye masa zalunci ne ko da an yi shi da ƙauna. Mun san hujjar da ake kawowa: idan ya ji zai karaya, zai daina cin abinci, hawan jininsa zai tashi. Mun zauna a gefen gadaje da yawa, kuma abin da muka gani ya saɓa wa wannan. Wanda aka ɓoye wa ya fi shan wahala, gama yana jin jikinsa yana gaya masa magana ɗaya, bakin 'ya'yansa yana gaya masa wata, sai ya rasa wanda zai yi wa kukan tsoronsa, ya koma shi ma yana yi musu wasan cewa bai sani ba don kada ya tayar musu da hankali. Gida guda kowa yana ruɗin kowa. Sa'an nan mutumin da aka gaya wa sanyi ne ke damunsa, da ya ji sauƙi sai ya ce allurar ta isa haka, a bar ɓarnar kuɗi. Da me za a yi masa gardama?

Akwai wani tsohon malamin firamare da muka yi jinya tare da iyalinsa, ba za mu ambaci suna ko gari ba. Wata huɗu 'ya'yansa suna ɓoye masa. Wata rana da yamma, bayan mun yi addu'a kowa ya fita, sai ya riƙe hannunmu ya ce, "Malam, ni na koya wa yaran nan karatu, suna tsammani ban iya karanta abin da aka rubuta a ƙofar ɗakin da suke kai ni ba?" Washegari muka tara su. Babban ɗan ya durƙusa ya ce, "Baba, ka gafarce mu, tsoro muka ji." Aka yi kuka, aka share hawaye. A cikin makon nan tsohon ya aika aka kira maƙwabcinsa na gona wanda suka yi shekara goma sha ba sa gaisawa saboda iyaka, ya sa aka rubuta wace gona ce ta wa, ya faɗi bashin da ake binsa da wanda yake bi, ya kuma zaɓi tiyatar da bakinsa, yana cewa ba zai cinye kuɗin makarantar jikokinsa a allura ba. Damina biyu ya ƙara gani. Da an ci gaba da ɓoyon, da maganar gonar nan tana gaban alƙali yanzu.

Ba muna cewa a jefa wa tsoho magana kamar dutse ba. Akwai ladabi. A zauna, kada a yi a tsaye. A sa matarsa a kusa. A fara da tambayarsa abin da shi kansa yake gani game da jikinsa, domin sau da yawa amsarsa takan rage rabin aikin. A faɗi kaɗan a saurara, in ya nemi ƙari a ƙara. Akwai kuma dattijon da zai ce, "Ku ji daga likita ku yi abin da ya dace, ni kada ku gaya mini." Wannan ma zaɓinsa ne, sai a girmama shi. Abin da muke ƙi shi ne 'ya'ya su yanke wa ubansu hukuncin jahilci ba tare da sun tambaye shi ba. Kuma kada kowa, ko likita ko fasto, ya ƙayyade masa wata ko rana. Babban Bishop Desmond Tutu na Afirka ta Kudu, da aka gano ciwon a jikinsa a 1997, bai ɓoye ba, ya fito ya faɗa wa duniya don maza su je a duba su, ya kuma rayu har Disambar 2021 yana da shekara 90. Farfesa Wole Soyinka ma ya bayyana nasa a 2014. Ba ciwon kunya ba ne, ba a samunsa ta hanyar lalata, ba a ɗaukarsa a kwano ko a tabarma, ba kuma jifa ba ne.

Dole mu taɓa namu gidan. Da zarar labari ya fita, sai masu shawara su cika zaure. Wannan ya san wani mai magani a tasha da ke wanke furostet da jarka ɗaya. Wancan ya san wani gidan addu'a inda za a kwana bakwai ana azumi. Mun gaskata da addu'a, ita ce aikinmu safe da yamma, kuma ba mu taɓa sa wa ikon Ubangiji iyaka ba. Amma duk mai wa'azin da ya ce wa dattijo ya zubar da maganinsa don ya nuna bangaskiya, ko ya sa mai ciwon daji azumin kwana bakwai, ko ya ce wata tsohuwa a dangi ce ta kama shi, ya ɗauki alhakin rai a wuyansa. Mun ga gidan da aka kori kishiyar uwa da sunan maita saboda ciwon da ke kama maza a Landan da Tokiyo. Hikimar da likita ke aiki da ita ba daga wani wuri ta fito ba sai daga wurin Mahalicci. A yi addu'a a kuma je asibiti ranar da aka rubuta a kati. In kuwa akwai wani jiƙo da ake ba Baba a gida, a nuna wa likita, domin ƙodar tsohon da fitsari ya daɗe yana tokare wa ba ta da ƙarfin ɗaukar kowane irin sassaƙe.

Akwai alama ɗaya da muke roƙon kowane mai jinya ya haddace ta. Idan ciwon baya ya tsananta farat ɗaya, ko ya zama kamar an ɗaure masa ɗamara a ƙirji ko ciki, ƙafafu suka fara nauyi ko mutuwa, ko ya kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko ya kasa yin su, to mai yiwuwa ciwon ne ya danne lakar da ke cikin gadon baya. Wannan ba na jiran Litinin ba ne, ba kuma na mai ɗori ba ne. A kwantar da shi a miƙe a kai shi babban asibiti a ranar. Idan aka yi sauri akwai maganin rage kumburi, da gashin na'ura da ake kira rediyoterafi, wani lokaci da tiyata, waɗanda kan ceci ƙafafun. Idan aka bari ya kwana biyu uku a shanye, da wuya ya sake takawa.

Sai maganar zafi. Ciwon ƙashi yana da azaba, kuma dattawanmu sun iya cije baki, sai ka tambaya su ce da sauƙi alhali gumi na keto musu. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa tsarin ba da maganin zafi ga masu ciwon daji hawa-hawa, daga farasitamol har zuwa mofin, a kuma riƙa ba da shi a kan lokaci, ba sai zafin ya taso ba. Mutanenmu suna tsoron mofin, wasu su ce yana sa maye, wasu su ce allurar sallama ce. Wata likita mai suna Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a asibitin mishan a Nijeriya, ta kafa gidan kula da masu ciwon ajali a Yuganda a 1993, ta kuma nuna cewa ruwan mofin mai araha da ake sha da cokali a gida yana mayar wa majinyaci barcinsa da cin abincinsa da mutuncinsa. Idan likita ne ya auna shi, ba ya gajarta kwana. Abin da yake kawowa shi ne taurin bayan gida, sai a nemi maganin wannan tun ranar farko. Haɗarin gaske yana wajen ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye barkatai a kemis ana haɗiya uku-uku, waɗanda ke cin ciki su lalata ƙoda. Kuma inda zafin ya taru a wuri ɗaya cikin ƙashi, gashin na'ura ko sau ɗaya ne yakan kawo sauƙi mai yawa. A tambayi likita, kada a ji nauyi.

To wa ke jinyar? A nan za mu faɗi abin da zai ɓata wa wasu rai. A yawancin gidajen da muka shiga, tsohuwa ce mai shekara sittin da wani abu, mai fama da nata ciwon gwiwa, take juya mijinta, take zubar da jakar fitsari, take wankin zanen gado da asuba. Sai kuma 'ya mace ɗaya da ta bar ɗakinta, ko matar ɗa wadda kunyar surukuta ta hana ta ko kallon idon tsohon, balle ta yi masa wanka. 'Ya'ya maza suna Kaduna da Abuja da Legas, suna aiko da kuɗi da umarni ta waya, su zo ran Asabar su yi faɗa a kan ba a share ɗaki ba, su koma ran Lahadi. Kuɗin yana da amfani, ba mu musa ba. Amma wannan ciwo ne na wurin da uba ba ya so 'yarsa ko surukarsa ta gani. Wankan uba, da gyara masa robar fitsari, da ɗaga shi zuwa bayan gida, aikin ɗa namiji ne, kuma ba mu san wata hanyar girmama iyaye da ta fi wannan ba. A raba kwanaki a rubuta. Wanda ba zai iya zuwa ba ya biya wanda zai tsaya, kada ya bar wa Mama. Ma'aikatan jinya za su nuna yadda ake yi idan an tambaye su: jakar fitsari ta zauna ƙasa da mafitsara kullum, a wanke hannu kafin a taɓa ta, a canza robar a lokacin da aka faɗa, a ba shi ruwa isasshe, a riƙa juya wanda ke kwance kamar duk awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Idan zazzaɓi ya zo, ko fitsari ya tsaya, ko ya ruɗe yana sambatu, a koma asibiti.

Kuma a bar shi ya ci gaba da zama uba. Kada a mayar da shi kaya a ƙuryar ɗaki ana shawara a kansa a tsakar gida. A kawo masa maganar auren jika, a tambaye shi wace gona za a shuka wa dawa. In ya yi fushi ba dalili, ko ya yi shiru kwana biyu, a yi haƙuri. Mutum ne da ya saba ciyar da gida, yau ana ɗaga shi. Mai jinya kuma in ya ji ya gaji har zuciyarsa ta raya masa da ma a huta, kada ya ɗauka ya zama mugu. Ya nemi wanda zai karɓe shi ya yi barci.

Game da kuɗi, akwai wata al'ada da ta shigo mana wadda ya kamata mu ji kunyarta. Gidan da ya ce ba shi da kuɗin hoton ƙashi, ranar da tsohon ya cika sai ga kuɗin ajiye gawa wata biyu a mutuware, ga akwati mai ƙyalli, ga anko, ga rumfuna, ga saniya, ga fenti a gidan da ya yi shekara yana yoyo a kansa. 'Yan'uwan da ba a ji muryarsu ba lokacin allura su ne ke kan gaba wajen buga kalanda. Muna ganin rabin wannan kuɗi da an kashe shi tun mutumin yana iya cewa na gode. A ɗaya gefen kuma, akwai lokacin da likita zai ce ƙarin magani mai ƙarfi ba zai ƙara komai ba sai wahala. Idan an kai nan, sayar da gonar gado don a yi ta yawo daga wannan asibiti zuwa wancan ba ƙauna ba ce dole, kuma mayar da Baba gida a kula da zafinsa cikin jikokinsa ba yasar da shi ba ne. Shi ma a tambaye shi.

Gwamnatin Tarayya ta fara wani asusun tallafa wa masu ciwon daji marasa ƙarfi a 2021, wanda ya ƙunshi dajin mama, da na bakin mahaifa, da na furostet, aka kuma fara shi a wasu manyan asibitoci, ciki har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, da Asibitin Ƙasa na Abuja, da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. A tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin da ake zuwa, kada a yi zaton na masu hanya ne kawai. Ga hukuma kuwa kiranmu gajere ne: na'urorin gashi sun yi wa ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 kaɗan ƙwarai, kuma bai dace tsoho mai ciwon baya ya yi tafiyar yini a mota ya tarar na'ura ta lalace ba. Ruwan mofin ma ya kamata a same shi a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma.

Ku kuma 'ya'yan da ke tsaye a baranda, takardar nan da ke hannunku tana magana a kanku. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi wannan ciwo, haɗarinsa ya kai ninki biyu na sauran maza. Baƙar fata kuma sun fi kowa kamuwa: a Ingila an ƙiyasta cewa namiji 1 cikin 8 zai gamu da shi a rayuwarsa, amma a cikin baƙaƙe 1 ne cikin 4. Saboda haka duk wanda ya kai shekara 45, musamman ɗan gidan da aka yi ciwon, ya je ya yi magana da likita a kan gwajin PSA, kada ya jira sai fitsari ya tokare. Hawan lambar kaɗai ba ya nufin daji, kumburin tsufa da ciwon sanyin mafitsara ma kan ɗaga ta, likita ne zai tantance. Amma wanda aka kama tun yana cikin ƙullutun ana iya warkar da shi sarai da tiyata ko gashi. Ku gaya wa ƙannen Baba su ma.

Zumuntar Mata ta daɗe tana ɗauke da wannan kaya, su ne ke kai kunu da itace da sabulu gidan majinyaci. Zumuntar Maza fa? Ziyarar mutum ashirin a rana ɗaya, a cika ɗaki da waƙa a tashi, tana gajiyar da mara lafiya, washegari kuma ba kowa. Gara mutum biyu kowace yamma, ɗaya ya zauna da tsohon su yi hirar duniya, ɗaya ya ce wa matarsa, "Mama, je ki kwanta, muna nan." A kai masa Jibin Ubangiji a gida idan ba ya iya zuwa. Kowace majami'a tana da ma'aikacin jinya ko likita a cikin membobinta, a ba shi minti goma sha biyar a taron maza ya yi bayanin nan da harshen da kowa ke ji. Kuma daga baikon godiyar kaka na bana a ware abin da zai sayi keken guragu ɗaya, da katifa mai rufin roba, da fo na kwance, su zama na ikilisiya, a riƙa ba da aro gida-gida. Muna roƙon dattawa su sa wannan cikin abubuwan da za a tattauna a zamansu na gaba, a kuma rubuta sunan wanda zai riƙe makullin ɗakin da za a ajiye kayan.